GYARAN GIDAN MAKULLIN KEKE MAI ƘAFA UKU

Bayani ga Hakimai da Malaman Ofisoshinsu

An shirya wannan takarda domin hakiman Sarkin Katsinan Gusau, da na 'Yandoton Tsafe, da na Sarkin Fulanin Bungudu, da malaman da ke riƙe musu littattafai, musamman waɗanda ke wajen Mada da Wonaka da Kwatarkwashi, inda keke mai ƙafa uku ya ke ɗaukar mutane da hatsi zuwa kasuwa, ya kuma kai majinyaci asibiti a Gusau. Ba nufinmu ba ne mu mai da hakimi makaniki. Amma kekunan nan da yawa sun tsufa, kuma maganarsu ta kan zo gaban hakimi ta hanya uku: ko keken na jama'a ne, an ba ɗakin shan magani na gari, ana neman kuɗin gyara, ko mai keke da direbansa sun yi jayayya a kan wanda ya ɓata shi, ko kuwa ana son a sayar, ana neman shaidar ofis. A cikin ukun nan duka, abin da ya fi yawan fitowa shi ne ɗan ƙaramin abin nan da a ke zura makulli a murɗa, watau gidan makulli, wanda makanikai ke kira iginishin.

Asalin keken dai daga Italiya ya ke. Kamfanin Piaggio ya fara ƙera irinsa a 1948, daga baya Indiya ta ɗauka, shi ya sa mafi yawan na fasinja da mu ke gani na Bajaj ne ko na TVS. Sunan nan na Keke Napep kuwa ya samo shi daga shirin yaƙi da talauci da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001. Shirin ya shuɗe, sunan ya zauna. Akwai kuma mai buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya, wanda yawanci daga ƙasar Sin a ke kawo shi. Akwai wani iri dabam da Honda ta Japan ta fito da shi a 1970, mai manyan tayoyi masu taushi, don shiga yashi da gona da jeji. An daina sayar da sabonsa a Amurka a 1988 saboda yawan kifewa da mutane, amma mun ambace shi don tsarin wayoyin Honda shi maƙeran Sin da yawa su ka kwaikwaya, kuma za mu koma kansa a gaba.

Yadda gidan makulli ya ke

Abu biyu ne a haɗe cikin gida ɗaya, kuma wanda ya gane wannan ya gane rabin gyaran. Na gaba kwaɗo ne kawai, kamar na ƙofar ɗaki: akwai 'yan faya-fayan ƙarfe a ciki waɗanda ba su barin ya juya sai haƙoran makullinsa sun daidaita su. Na baya shi ne na wuta. Faifai ne na roba mai ɗauke da 'yan tagulla, ƙananan sifirin na tura su, in kwaɗon ya juya sai su hau kan wasu tagullan da a ka liƙa wa wayoyi, wuta ta wuce. In makulli ya ƙi shiga ko ya ƙi juyawa, ciwon na gaba ne. In ya juya lafiya amma keken bai amsa ba, to, ko ciwon na baya ne, ko kuwa ba a gidan makullin ya ke ba sam.

Sa'an nan akwai wani bambanci da ya wajaba malami ya riƙe, don shi ke jawo asarar kuɗi. Injunan nan iri biyu ne wajen samun tartsatsin da ke kunna mai a bakin fulogi. Wani injin daga batir ya ke samun wutarsa. A irin wannan, aikin makulli shi ne ya buɗe wa wutar batir hanya, in an kashe ya toshe ta. Wani kuwa, musamman tsofaffi, da kansa ya ke haifar da wutarsa daga maganaɗisun da ke juyawa a gefen injin, shi ya sa ya kan tashi da kik ko da sandar hannu ko da batir ya mutu. A irin wannan aikin makulli a juye ya ke: in an kashe, sai ya haɗa wayar tartsatsi da jikin keken, wutar ta zube a ƙarfe, injin ya mutu. Watau ɗaya ana kashe shi da yanke wuta, ɗaya ana kashe shi da zubar da ita. A ido gidajen makullin biyu kama ɗaya su ke, har wayoyinsu su kan zo adadi ɗaya, amma cikinsu ba ɗaya ba ne.

A tsarin Honda da masu kwaikwayonta, ja ita ce wayar da ta fito daga batir, baƙa ita ce mai ɗaukar wuta bayan an murɗa makulli, koriya ta jikin keke ce, baƙa mai ratsin fari kuwa ita ce ta kashe inji. Kada a ɗauki wannan a kan kowane keke. Kowane kamfani da nasa launi, kuma tsohon keken da ya bi ta hannun masu wayarin biyar ba a rasa jar waya inda koriya ya kamata ta zauna.

Kafin a ɗora wa makulli laifi

A ganinmu nan ne a ka fi yin ɓarna. Direba ya murɗa makulli, shiru, sai ya ce makulli ya lalace, a aika Gusau a sayo sabo, a ɗaura, a murɗa, shiru. Kuɗi sun tafi, wuni ya tafi, alhali kuwa kan batir ne ya yi farin gishiri, ko fis ya ƙone. Saboda haka duk malamin da a ka kawo wa takardar neman kuɗin sabon gidan makulli, ya fara tambaya ko an duba abu uku.

Na fari batir. Cikakken batir na keke ya kan nuna 12.6 a mita in injin na kashe. In ya sauka ƙasa da 12, ya yi rauni, sai a kai shi caji tukuna. A kuma kama kawunansa a girgiza, in su na motsi a kwance, a kankare, a ɗaure. Na biyu fis, wanda ke kusa da batir. A cire a ɗaga shi a haske, in siririn ƙarfen ciki ya tsinke, an ga dalili. Na uku soket ɗin da wayoyin gidan makulli ke shiga a bayan allon gaba. Sau da yawa shi ne ya saki saboda girgizar hanya, ko ruwan damina ya shiga ya yi masa kore-kore. A keken fasinja injin na baya ne, ƙarƙashin kujera, makulli kuwa na gaba, don haka wayoyin su na bin ƙarƙashin keken tsawonsa duka, inda dutse da laka ke dukansu. Waya ta kan goge a can ta tsinke a cikin rigarta, ba mai gani.

Akwai alamun da ke wanke makulli daga zargi nan take. In an murɗa, fitilun allo su ka kama, hon ya yi ƙara sosai, sa'an nan a ka nemi tayar da inji a ka ji ƙas-ƙas kawai, to, makulli ya yi nasa aiki, a nemi laifin wajen batir ko sitata. Akwai kuma alamun da ke kama shi dumu-dumu. In an murɗa a ka ɗan jijjiga makullin sai fitilu su riƙa kamawa su na ɗaukewa, shi ne. In keken ya kan mutu daidai sa'ad da ya faɗa rami, ya kuma tashi in an taɓa makulli, shi ne. In makullin ya kan yi zafi a hannu bayan tafiya kaɗan, ko a ji ƙaurin roba a wajen, shi ne, kuma wannan ba ya jiran gobe. A inji mai haifar da wutarsa, in an kashe makulli injin ya ci gaba da aiki, ko dai tagullan ciki ba su haɗuwa, ko wayar jiki ta tsinke.

In alamun ba su raba gardama ba, akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya bukatar mita. A sami ƙwan fitilar keke, a liƙa masa wayoyi biyu. A ɗora ɗaya a jikin keke inda babu fenti, ɗayar a taɓa wayar da ke shigo da wuta cikin gidan makulli. Lalle ƙwan ya kama, ko makulli na kunne ko na kashe. In bai kama ba, wutar ba ta ma iso ba, sai a koma baya wajen fis da batir. In ya kama, a matsa zuwa wayar da ke fitar da wuta, a murɗa makulli. Ya kama, gidan makulli lafiya lau. Bai kama ba, ko ya kama dishi-dishi, an sami mai laifi. Wanda ke da mita ya auna wayar shiga da ta fita alhali fitilun gaba na kunne. In bambancin ya wuce rabin lamba ɗaya, tagullan ciki sun ci, su na riƙe wuta, kuma wutar da su ka riƙe ita ke zama zafin nan da a ke ji.

Ga inji mai haifar da wutarsa kuwa, in ya na juyawa amma fulogi ba ya tartsatsi, makaniki ya zare wayar kashe inji daga soket ya sāke gwadawa. In tartsatsi ya dawo, ƙura ko damshi ne su ka haɗa tagullan ciki, makullin ya na kashe injin alhali ya na kan kunne.

Gyaran kansa

Kafin a taɓa kome, a cire wayar batir wadda ke haɗe da jikin keke, ita ce mai alamar ragi. Dalili kuwa, in an fara da ɗayar, sifana ta kuskure ta taɓa ƙarfen keken, wuta za ta tashi, ta ƙone hannu, wani lokaci batir ya fashe. Ita a ke fara cirewa, ita a ke mayarwa daga ƙarshe. Kafin a zare wayoyin gidan makulli kuma, a zana su a takarda, kowace da launinta da gurbinta, ko a ɗauki hotonsu da waya. Wannan aikin malami ne, ya fi kowa iyawa.

In kwaɗon ne ya ƙi juyawa, a fara motsa kan keken hagu da dama ana murɗawa a hankali, gama a wasu kekunan makullin kai a haɗe ya ke da shi, ya kan cije. A gwada makulli na biyu, wanda ba a cika aiki da shi ba. In shi ya juya, haƙoran na farin ne su ka cinye, sai a kai na biyun a yanko wani a kansa. Kada a yanko daga cinyayyen, gama sabon zai gāji ciwon tsohon. In duka biyu sun cije, ƙurar hunturu ce ta cika ramin. A busa ta, a goga bakin fensir a jikin makulli har ya yi baƙi, a zura a zare sau da yawa. Kada a ɗiga man inji ko man gyaɗa, ko da ya ke kowa haka ya ke yi. Ran farko zai yi santsi, amma man zai kama ƙura ya zama laka, bayan wata guda a koma gidan jiya. Kada kuma a kama makulli da filaya a tilasta shi. Makullin da ya karye a ciki ya mai da ƙaramin aiki babba.

Wani abin da ke cinye kwaɗo shi ne nauyi. Direba ya kan rataya wa makullin keke na ɗakinsa da na shagonsa da na akwati, da laya, da abin yanke farce, su yi ta lilo daga Mada har Kwatarkwashi. Nauyin nan ya na jan makullin ƙasa, ya na cin faya-fayan ciki, har ya kai ana iya zare makulli injin na aiki, ko kuwa kowane guntun ƙarfe ya tayar da keken. Makullin keke ya zauna shi kaɗai.

In na baya ne, watau wajen wuta, ana iya buɗe shi a yawancin tsofaffin kekuna. Faifan roban ƙananan kunnuwa ke riƙe da shi, a ɗaga su da bakin sukudireba siriri. A yi aikin nan a kan faranti ko farin ƙyalle, ba a kan ƙasa ba, domin akwai sifirin ƙanana kamar ƙwayar shinkafa da ɗan ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar dawa, in su ka yi tsalle cikin yashi sai dai haƙuri. A lura da yadda kowanne ya zauna kafin a ɗaga. A goge tagullan da sanfefa mai laushi har su yi haske, a share da ƙyalle mai ɗan sifirit, a bari ya bushe. Sifirin da ya kwanta a ɗan ja shi kaɗan. A shafa basilin sama-sama, a mayar. In waya ce ta saki daga gindinta, a liƙe ta da dalma, ba a murɗa ta da hannu a naɗe da leda ba. Kafin a ɗaura a keke, a gwada da ƙwan fitilar nan.

Amma in an buɗe an tarar roban ya narke, tagulla ta nutse a ciki, ba sauran gyara, sai sabo. Kuma lalle a tambayi abin da ya narkar da shi, in ba haka ba sabon ma zai bi sawun tsohon. Yawanci ƙarin kaya ne: manyan fitilu da a ka ƙara, da rediyo mai manyan lasifikoki, da wurin cajin wayoyin fasinja, duk an rataya su a wayar makulli, wadda ba a yi ta don wannan nauyi ba. Irin kayan nan a ja musu tasu waya daga batir, da nasu fis. Haka kuma fis in ya ƙone a sa mai lamba daidai da wadda ke rubuce a jikin tsohon. Masu naɗa masa waya ko takardar taba mai ƙyalli sun cire mai gadi ne daga ƙofa. Ranar da wayoyi su ka haɗu, maimakon fis ya ƙone, keken ne zai ƙone, ga tankin mai a kusa, ga fasinja a zaune.

Wajen sayen sabo, a tafi da tsohon a hannu, a kuma faɗi sunan kamfanin keken da irin injinsa. A dubi soket, a ƙirga wayoyi, sa'an nan a sa mai shagon ko makaniki ya gwada wace waya ke haɗuwa da wace in an kunna, wace kuma in an kashe, a kwatanta da zanen da a ka yi. Nan ne bambancin da mu ka faɗa a baya ke aiki. In an ɗaura wa inji mai haifar da wutarsa gidan makulli na ɗaya irin, ana iya tura wutar batir cikin wayar kashe inji, ta ƙone akwatin tartsatsi, wanda ya fi gidan makullin tsada nesa ba kusa ba. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Akwai kuma na araha, mara nauyi a hannu, mai tagulla kamar takarda. Araha ba ta ado.

Haɗin kai-tsaye

Abin da ya fi damunmu shi ne al'adar nan ta yanke wayoyi a bar su a waje, in za a tashi a murɗa biyu a haɗa, in an isa a raba. Direbobi na kiransa dairek. A kan hanya, in keke ya mutu da majinyaci a ciki ko rana ta yi gora, ba wanda zai zargi makanikin da ya yi dabara don a isa gida. Kowa a ƙasar nan ya san abin da tsayuwa a daji da almuru ke nufi, kuma ba a manta ba cewa a watan Satumba na 2021 Gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana babura da kekuna masu ƙafa uku tafiyar dare saboda 'yan bindiga. Amma dabarar hanya ta ƙare a ranar. Keken da a ka bari a haka ba shi da makulli ke nan, kowane yaro na iya tayar da shi, kowane ɓarawo kuma haka. Tsirarar waya na iya taɓa ƙarfe ta yi tartsatsi. In an manta ba a raba ba, batir ya kwana ya na zuba, da asuba a zo ɗaukar mai naƙuda a tarar babu wuta. In kuwa wayar kashe inji ce a ka yanke, ranar da totur ya maƙale direba ba shi da abin kashe injin nan take, sai ya lalubi famfon mai.

Saboda haka keken jama'a da ke ƙarƙashin kulawar hakimi kada a yarda ya kwana biyu da yankakkun wayoyi. Malami ya buɗe masa shafi a littafi: ranar da ya lalace, alamar da a ka gani, abin da a ka gwada, sunan wanda ya gyara, da kuɗin da a ka biya. In an sāke gidan makulli, a kawo tsohon ofis a gani kafin a biya. Sabo da makullai biyu ya ke zuwa, ɗaya ga direba, ɗaya a ajiye a ofis cikin ambulan mai lambar keken, kada a ba da aronsa sai don a yanko wani.

In jayayya ce tsakanin mai keke da direban da ke kawo masa balas, tsohon gidan makullin shi ne shaida, a sa a buɗe shi gaban kowa. Tagullan da su ka cinye sannu a hankali tsufa ne, wannan na mai dukiya ne. Roban da ya narke saboda lasifikar da direba ya ƙara, ko bakin kwaɗon da a ka farfasa da sukudireba don makulli ya ɓata, wannan hannun mutum ne. Hukunci na hakimi ne, mu dai mun nuna inda za a duba.

In kuma an kawo keke ana neman ofis ya shaida ciniki, a ka ga wayoyin makulli a yanke, ko gidan makulli sabo fil a jikin tsohon keke, mai sayarwa kuma ba shi da makulli na biyu, malami ya dakata da alƙalaminsa. Mai yiwuwa ne gyara ne na gaskiya. Amma ya nemi takardun keken, ya sunkuya da kansa ya karanta lambar da a ka buga a jikin inji da wadda ke jikin ƙarfen keken, ya gwama su da na takarda harafi da harafi. In sun saɓa, ko an ga alamar an kankare lamba, a tsai da cinikin a sanar da hakimi, shi kuma ya aika wa 'yan sanda.